Kayan Aron da Ya Rufe Katara: Martani Kan Gidajen Gem na Minna

Na karanta rubutun da wani dattijon marubuci na garin nan ya yi a kanmu, mu 'yan shekara arba'in da ɗoriya da muke zama muna hirar Mario da Contra kamar masu tuna dangin da suka yi nisa. Na karanta sau biyu, na ajiye, na kwana da shi a rai. Malam ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma alƙalaminsa yana cikin waɗanda suka sa mini son rubutu, don haka ba da raini na ɗauki biro ba. Sai dai ya taɓo abin da ni na rayu a cikinsa, shi kuwa daga bakin titi ya hango.

Ga inda Malam ya tsaya, gwargwadon fahimtata. A ganinsa begen da muke yi wa tsofaffin na'urorin gem begen aro ne: mun ga Turawa a intanet suna kukan ƙuruciyarsu, mu ma muka ari hawayen. Ƙuruciyar Bahaushe ta ainihi, in ji shi, tana dandali, wurin langa da ɓuya da tatsuniya a farin wata. Gidajen gem ne suka kashe dandalin, suka koya wa yara cin canji da gudun makaranta, suka kuma share wa shagunan cacar ƙwallo hanya. Ya ɗaure maganarsa da cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Bari in fara shigar da Malam cikin shagon, tunda gani ya kori ji.

Namu yana wani lungu ne da ya ratse daga Titin Bosso, a tsakiyar shekarun 1990. Ɗaki ɗaya ne mai ƙyauren langa-langa, an rataya tsohon zani a ƙofa don kada hasken rana ya kashe hoto. Talabijin biyu masu ƙeya, benci biyu, fanka ɗaya da ba ta iya komai da zafin Minna na watan Maris. A talabijin ta farko akwai ƙaramar na'urar nan mai cin kaset rawaya, a ta biyu akwai Sega Mega Drive. Abin riƙewar da ake dannawa, wanda muke kira hannu, guda huɗu ne kacal a duk shagon, yara kuwa da yamma sukan haura ashirin. Lissafin a fili yake: a kowane lokaci huɗu ne ke bugawa, sauran duk 'yan kallo ne, masu ba da shawara, masu ihu, masu alƙalanci. Yaro yakan wuni a wurin bai kashe ko kwabo ba, ya koma gida da labari cike da baki.

Kuma akwai doka. Wanda aka ci shi ke miƙa hannu ga na bayansa. Ba a tsallake layi, ko da kai ne ɗan mai gidan da shagon yake ciki. In ana dambe a Street Fighter ko Mortal Kombat, wanda ya matse abokin karawarsa a lungu yana ta maimaita shara guda ɗaya har ya ci, ba a lissafa masa wannan ci, sunansa macuci, kuma benci ne ke yanke hukunci ba mai shago ba. A Contra, inda mutum biyu ke tafiya tare, cin amana ne ka ruga gaba ka bar ɗan'uwanka allo ya haɗiye shi, ko ka ari ransa ba tare da ya yarda ba. In babba ya ji kiran gida, ƙaramin da ya fi daɗewa a tsaye ake miƙa wa hannun ya ƙarasa. Babu wanda ya rubuto mana waɗannan daga Japan. Daga dandali muka zo da su, daga wurin langa da ƙwallon tsumma, inda tun farko aka koya mana cewa wasa ba ya daɗi sai da adalci.

Harshen wurin ma namu ne. A bencin nan akwai ɗan Gbagyi da Banufe da Bayarabe da ɗan Ibo da Bafulatani, ga mu Hausawa, kuma da Hausa ake rigima, a sirka da ɗan Turancin buroka. Ba mu san sunayen halittun cikin Mario ba, sai muka raɗa musu namu: kunkuru, kifi mai tashi, fulawa mai cizo, dodo. In Mario ya haɗiyi naman kaza sai a ce ya ci girma. Maƙiyin ƙarshe kuwa bos ne, kamar yadda muke kiran mugun fim ɗin Indiya da na Cana. Labarin kansa bai yi mana baƙo ba: dodo ya sace gimbiya, ƙaramin mutum ya bi sawu, ya ƙetare ruwa da wuta ya ƙwato ta. Wace kaka ce a ƙasar Hausa ba ta taɓa ba jikokinta irin wannan ba?

Yanzu batun aro. Malam ya fi ni sanin cewa Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara ta jihar nan tamu a 1911, ya gina Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, da labarai masu yawa da ya samo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Indiya da na Turai. Ya sa musu rawani da babbar riga, ya ba su bakin Hausa, har yau ba wanda ya isa ya ce littafin ba namu ba ne. Ƙwallon ƙafa da Malam ya buga yana yaro daga Ingila ta zo. Ludo asalinta wasan Indiya ne da Turawa suka sake wa fasali. Katin Whot a Ingila aka ƙirƙiro shi a shekarun 1930, amma a yau a ƙasar nan ya fi samun gida. Shayin da ake sha da burodi kowace safiya a Kwangila da Limawa ba a gonar kakanninmu ya tsiro ba. Kai, ita kanta Minnar da muka sani, ƙarfen baƙi ne ya raya ta: garin Gbagyi ne, sai layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya ratso ta nan ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina. A nan aka haifi marubuta Cyprian Ekwensi a 1921 da Ben Okri a 1959. Garin da jirgin ƙasa ya tara wa jama'a ba zai ce duk abin da ya zo daga waje baƙo ne har abada ba. Abin da ka karɓa ka juya shi da hannunka, ka sa masa doka da suna, ya tashi daga aro.

Kuma da a ce hawayen Turawa muka ara, da mun ari hotonsu ma. Bature in yana tuna Nintendo, ɗakinsa yake tunawa, da kwalin da aka ba shi kyauta, na'urarsa shi kaɗai. Wannan begen ne kamfanin ya sayar musu a 2016 da ya fito da 'yar ƙaramar NES Classic mai wasanni talatin a ciki. Mu ba haka abin ya zo mana ba. An fitar da Famicom, ƙaramar na'urar Nintendo, a Japan a 1983, Super Mario Bros. a 1985, amma kafin su iso lungunmu an shigo da tsarin tattalin arziki na SAP a 1986, naira ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin albashin iyayenmu. Abin da ya iso hannunmu galibi kwaikwayo ne daga Taiwan da Cana, ko 'yan Kwatano da wasu suka gama mora. Kaset ɗinmu a jikinsa an rubuta yana ɗauke da wasa 9999, in ka kunna ka tarar 'yan ƙalilan ne aka yi ta maimaitawa da sauya launi. Rashi ne ya sa na'ura ɗaya ta zama ta unguwa guda, ita kuma tarayyar ta haifar da abin da muke bege. In na rufe ido ba kwali nake gani ba, gwiwar abokina nake ji tana gugar tawa a benci, da numfashin yara goma a ƙeyata lokacin da rai ɗaya ya rage mini.

Maganar cewa gem ya kashe dandali kuwa, ina roƙon Malam ya sake duba lissafin. Mu da muke cika shagon, mu ne dai muke cika filin unguwa. Muna jihar da ke da tashoshin lantarki na Kainji da Shiroro, ta Shiroro an ƙaddamar da ita a 1990 da ƙarfin megawat 600, amma wuta takan ɗauke ta wuni, kuma a lokacin ƙananan janareto ba su yawaita ba. Da zarar talabijin ta mutu sai kowa ya watse zuwa ƙwallo, ko langa, ko gasar marfin kwalba a ƙasa. Ni a hannun kawuna na koyi dara a cikin waɗannan shekarun dai. Filin da muke wasa a cikinsa yau jerin shaguna ne da gida mai katanga da waya a kai. Tun da Minna ta zama babban birnin jiha a 1976, sannan gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, ƙasa ta yi daraja, aka yanka duk wani fili aka sayar. Yara ba su sayar da fili ba. Ba su ne suka tsara a tashi boko a wuce lesin, a tashi lesin a wuce Islamiyya har magariba ba. Ba su ne suka kawo tsoron da ya sa uwa ba ta yarda ɗanta ya leƙa waje bayan isha ba. Kaka mai tatsuniya tana ƙauye, jikoki suna gidan haya a Tunga ko Kpakungu. A dandali na ƙarshe da na gani da idona, inda yaran unguwa na kowane gida ke haɗuwa ba tare da an gayyace su ba, akwai talabijin biyu da benci biyu.

Ba zan ɓoye abin da Malam ya faɗa daidai ba, domin na san shi a jikina. Na taɓa cin canjin aike. Naira ta ƙarfe ce, irin wadda ta fito a 1991, guda biyu, na ce wa mahaifiyata sun faɗi a hanya. Ba ta dake ni ba, kallona kawai ta yi, kuma har yau in na tuna kallon sai na ji nauyi a ƙirjina. Akwai abokinmu da ya maimaita aji saboda shagon. Akwai la'asar da ta wuce mu muna zaune, muna jin kiran salla muna cewa bari a ƙarasa wannan zagayen. Mortal Kombat, da ya fito a 1992, jini ne da fille kai. A Amurka sai da majalisar dattawa ta zauna a kansa a 1993, aka kafa hukumar da ke sa wa wasanni alamar shekaru a 1994, mu kuwa a nan ɗan shekara bakwai yana kallo ba mai cewa uffan. Akwai kuma abin da Malam bai ambata ba, wanda ya fi damuna yanzu: ƙanwata takan zo kirana ta tsaya a bakin labule tana leƙe, ba ta taɓa shiga ba, ba wanda ya taɓa miƙa mata hannu, har da ni. Dandalin Malam yana da gaɗa da carafke na 'yan mata. Namu ba shi da gurbinsu, kuma wannan naƙasu ne babba.

Amma danganta mu da caca, a nan na ƙi. Gaskiya ne a wasu shagunan manyan samari sukan sa kuɗi a kan wasa, kamar yadda ake sawa a kan kati da ludo tun kafin a haife mu. Sai dai ruhin abin daban ne. A gem ɗinmu in ka faɗi rami, hannunka ne ya yi kuskure, gobe ka dawo ka gyara. Yawancin wasannin ƙaramar na'urar ba su da wurin ajiye inda ka tsaya. In wuta ta ɗauke kana mataki na bakwai, daga na ɗaya za ka sake farowa. Wannan yana koya wa yaro cewa nasara tana biyo bayan naci. Takardar caca kuwa tana koya masa ya zauna ya jira sa'a a kan ƙafar wani mutum da ke gudu a Turai. Matashin da ke tsaye a shagon caca yau, rashin aiki ne da tallan da ke bin sa har cikin wayarsa suka kai shi, ba wasan Sonic ba.

Akwai wani abu da nake so Malam ya ji, domin na nan gida ne. Da PlayStation ta shigo gari a ƙarshen shekarun 1990, ƙwallon Winning Eleven na kamfanin Konami ya ture komai. Faifan da ke shagonmu na Japananci ne, ba mai iya karanta harafi ɗaya, amma mun haddace komai da ido: sauka uku ka danna, ga canjin ɗan wasa, na biyar, ga tsarin tsayuwa. Yara har kwaikwayon ihun mai sharhin, Jon Kabira, suke yi. To a cikin wannan faifan akwai Najeriya, kuma a gefen dama na Najeriya akwai Tijjani Babangida, ɗaya daga cikin 'yan wasan da suka fi kowa gudu a duk wasan. Babangida ɗan Kaduna ne, amma daga Niger Tornadoes ta Minna ya tafi Roda JC ta Holan a 1991, daga nan Ajax a 1996, shekarar da ya ciyo zinare da Najeriya a Atlanta. Shi ya ci mana ƙwallo ɗaya tilo a wasan Denmak a Faransa a 1998, shi ya zura wa Afirka ta Kudu biyu a Legas a 2000, shekarar da Tornadoes ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa. Malam ya auna abin da yaro a Minna yake ji in ya ga wasu injiniyoyi a Japan sun zauna sun saka mutumin da ya taka leda a garinsu cikin na'ura, sun kuma ba shi gudun da 'yan bayan Brazil da Italiya ba sa iya kamowa. Har doka muka kafa cewa ba a ba gwani Najeriya, domin tura wa Babangida ƙwallo ta gefe kamar zalunci ne. A wannan shagon na fara jin cewa duniya ta san da mu. Ban ga yadda za a kira wannan aro ba.

Ban ce gidan gem makaranta ne ba, amma na'urar gem ce kwamfuta ta farko da yawancinmu muka taɓa, shekaru kafin wayar salula ta zo a 2001. Kuma da yake komai tsoho ne, dole ta sa muka koyi cikinsa. In kaset ya ƙi tashi mukan hura masa iska. Sai daga baya na gane cire shi da mayarwa ne ke gyara haɗuwar ƙarafan, danshin baki ma tsatsa yake jawowa. Mun ga yadda ake buɗe hannu a goge robar da ke ƙarƙashin maɓalli, yadda ake like wayar da ta tsinke da dalma, yadda ake kifa PlayStation a kan bayanta in idonta ya gaji don ta karanta faifai. Sirrin samun rai talatin a Contra, sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, ya zagaye unguwanni daga baki zuwa kunne ba tare da mujalla ko intanet ba. Da na girma na karanta cewa duk Super Mario Bros., da matakansa 32 da kiɗansa, bai wuce kilobait 40 ba, bai kai nauyin hoto ɗaya da ake turawa a waya yau ba, har girgije da ciyawar cikinsa zane ɗaya ne aka sauya wa launi don tsimi, sai na ji wata irin girmamawa ga Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa da suka ƙirƙiro shi. Mutane ne da suka yi abin kirki da ɗan kaɗan, kuma wannan darasi ne da ɗan Arewa ke ganewa ba sai an fassara masa ba. Cikin waɗanda muka zauna benci ɗaya da su, akwai mai gyaran waya a Obasanjo Complex yanzu, akwai wanda ya karanta kwamfuta a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna, wadda ita ma a 1983 aka kafa ta. Ba gem kaɗai ya kai su ba, amma a can suka daina tsoron buɗe na'ura.

Malam zai ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai gaskiya a ciki, ba don bana ta rasa alheri ba. Wasannin yau sun fi namu kyau nesa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin su: yaro shi kaɗai a ƙurya, kai a sunkuye, wasan ba shi da ƙarshe, kuma an gina shi ne ya riƙa neman kuɗi kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtukanta a 2019. In Malam yana neman inda zai ja daga, ga wuri nan, kuma zai same ni a sahunsa. Amma zai fi ƙarfin hujja in ya yarda cewa mu da muka san wasa na tarayya, mai doka, mai ƙarshe, muna da abin da za mu nuna wa yaran nan, maimakon ya haɗa mu da abin da ya zo bayanmu ya yi mana jifa ɗaya.

Kuma lokaci yana ƙurewa. Wani bincike da cibiyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a can kafin 2010 ba a samun su a kasuwa a lokacin. Su ke nan masu gidajen tarihi da kuɗin adanawa. Namu ɓangaren, wato kaset rawaya da sunayen da muka raɗa da dokokin benci, ba wanda zai rubuta shi a Tokyo ko Landan. Haka muka yi sakaci da waƙoƙin gaɗa da yawa har suka bi tsofaffi kabari, abin da Malam da kansa yake kuka a kai. Ina ganin masu nazarin al'ada a jami'o'inmu ya kamata su nemi tsofaffin masu gidajen gem na Bosso da Tunga da Sabon Gari da Maitumbi su naɗi hirarsu tun suna raye, kamar yadda ake neman makaɗa da maƙera.

Ni dai na fara da abin da zan iya. A bara na samo irin ƙaramar na'urar nan a wurin wani mai gyaran rediyo, da kaset biyu da bindigar harbin agwagwa. Mario ya tashi a talabijin ɗinmu ta bango, amma bindigar ta ƙi. Dalili shi ne ba ta harba komai. Ido ne a bakinta. In ka ja kunama, allo yakan yi baƙi na ƙiftawa, sai farin tabo ya bayyana a inda agwagwar take, idon ya gani ko ya rasa. Talabijin ta zamani tana ɗan jinkiri wajen nuna hoto, don haka lissafin ba ya haɗuwa. Sai da na bi 'yan gwangwan har wurin da suke tara kaya, na tarar da talabijin masu ƙeya jibge ana fasa su don wayar tagullar ciki, na fanshi guda ɗaya da ba a kai gare ta ba. Tana zaurenmu yanzu, da benci a gabanta. Ranar Asabar bayan la'asar yaran layinmu sukan taru, maza da mata, na kuma gaya musu dokar farko tun ranar da muka kunna: wanda aka ci ya miƙa hannu. Ƙanwata ta zo da 'ya'yanta a watan jiya, na miƙa mata bindigar, ta harbo agwagwa uku a jere.